Kafso a Gaban Yaya

Mutanenmu, in dai ba a tsira musu allura ba, gani suke ba a yi musu magani ba. Ni ma a haka na taso. Mahaifiyata in ta dawo daga asibiti da ƙwayoyi a ƙullin leda, cewa take likitan bai duba ta ba, sallamarta kawai ya yi. In kuwa aka ɗaura mata ƙarin ruwa, tun ledar ba ta kai rabi ba za ta fara cewa ta ji sauƙi. Ban taɓa zaton wannan ɗabi'a za ta biyo ni har Dubai ta zauna mini a falo ba. Ta biyo ni kuwa, kuma ta ba ni wahalar da har yau in na tuna sai na ji gajiya ta sauko mini.

A lokacin muna zaune a wani ɗan filat a Al Khabaisi, ɗaki da falo. Ni ina aiki a ofishin masu kago, wato jigilar kaya, ina amsa waya ina shan masifar 'yan kasuwar da kwantenarsu ta maƙale. Maigidana makaniken manyan motoci ne a wani gareji a Ras Al Khor. Yaranmu suna Kano wajen mahaifiyata saboda makaranta. Wanda ya kawo maigidan Dubai wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon leshi da shadda a Deira. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aiki, shi ya je neman aurena. Yaya muke ce masa mu duka. Tun da na shigo gidansu ban taɓa jin maigidana ya ce masa a'a ba, ko da a kan kalar hula ce.

Wata shekara, lokacin zafin Turawa, kamfaninsu ya tura shi Jamus ya duba tsofaffin tireloli da za a sayo. Filin da aka jera motocin a bakin daji yake, ciyawa har gwiwa, shi kuma aikinsa kwanciya a ƙarƙashin mota. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya, wai ya cire kaska a bayan cinyarsa, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar riɗi. Ya ce shi da ya yi kiwon shanu yana yaro, ya saba ɓamɓare kaska mai girman gyaɗa, wannan ai abar tausayi ce. Daga baya na ga wurin ya yi wani duhu ya zagaye, na ce makero ne, na shafa masa mai. Ya ɓace da kansa, muka manta.

Bayan wasu makonni ciwon baya ya fara. Ba irin na gajiyar aiki ba ne, wani zafi ne mai yawo, yau a kafaɗa, gobe ya sauko ƙugu. Ya ce ji yake kamar ana ɗiga masa ruwan zafi a ƙarƙashin fata. Barci ya gagare shi, ni ma ya gagare ni, don mutumin da ke juyi yana nishi ba a barci a gefensa. Ya sha maganin ciwon jiki har na fara ɓoyewa. Sai wata safiya yana alwala na ji ya kira ni. Ruwan kurkurar baki ne ke zubo masa ta gefe ɗaya. Ɓarin fuskarsa na hagu ya sauka, bakin ya karkace, idon ya ƙi rufuwa. Na yi salati, na ɗauko gyalena.

A asibiti sun fara da abin da ni ma nake tsoro, wato shanyewar ɓarin jiki. Aka ɗauki hoton kansa, aka ce ƙwaƙwalwa lafiya lau. Daga nan aka tura mu wajen likitar jijiyoyi, wata dattijuwa mai furfura da ta daɗe tana aiki a Turai. Ta sa shi ya ɗaga gira, ya hura kumatu, ya runtse ido. Da ta ji labarin ciwon bayan sai ta ajiye biro, ta tambaye shi ko ya je wata ƙasa mai daji a 'yan watannin nan, ko wani ƙwaro ya cije shi. Muka kalli juna. Ba mu faɗa wa kowa zancen kaskar ba, don ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

Aka ɗebi jininsa, aka ɗebi ruwa ta ƙashin bayansa da wata doguwar allura. Da Yaya ya ji haka ya ce to, yanzu aka fara aiki. Sakamako ya fito, likitar ta zaunar da mu. Ta ce cutar Laim ce, kaskar waɗancan ƙasashen ke ɗauke da ƙwayarta, kuma a jikinsa ta kama jijiyoyin da suka fito daga laka da jijiyar da ke motsa fuska. Ta ce an yi sa'a ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ko lakar kanta ba. Ta rubuta magani, ta miƙo mini takardar, ta ce mu tafi gida.

Na ce, "Gida? Allurar fa?"

Ta ce a irin matakin da yake, maganin haɗiya yana yin aikin da allurar jijiya za ta yi, ba tare da an huda shi kullum ko an kwantar da shi ba. In da cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, ta ce, ba za ta bar shi ya taka ƙofa ba. Na sake tambaya, ta sake amsawa, na kuma tambaya, har na ga ta fara kallon agogo. Sannan ta kafa mini sharuɗɗa. Zai sha safe da yamma, da ruwa cike da kofi, kuma ya zauna a miƙe bayan ya sha, kada ya kwanta, don maganin na iya ƙona masa maƙogwaro. Kada a haɗa shi da madara ko nono, sai an ba da tazara. Ya guji rana, domin maganin yana sa fata ta ƙone da wuri. Ya shanye duka, ko ya ji sauƙi ko bai ji ba. Idan na ga ƙafa ko hannu sun saki, ko ya fara ruɗewa, in dawo da shi nan take. Fuskar kuma, ta ce in sa haƙuri, magani ƙwayar cuta yake kashewa, jijiya da kanta take warkewa a hankali.

Na yarda da ita. Ba don na fi mutanenmu wayewa ba, a'a, ni ma allurar nake so. Na yarda ne saboda ita kaɗai ta san da kaskar nan tun kafin mu faɗa.

A kemis aka miƙo mana ɗan kwali mara nauyi. Doksisaikilin sunan maganin. Maigidan ya ɓalle ɗaya ya juya a tafin hannunsa, ya ce da rabin bakinsa, "Wannan ai kafson tasha ne." Na kasa musa masa. Ɗan'uwan ja-da-yalon nan ne da ake tallarsa a faranti a tashar mota, wanda ake sha in ciki ya ɓaci, har kaji ake jiƙa wa. Mutum fuskarsa ta karkace, an ɗebi ruwan bayansa, an kira sunan cutar da ko a rediyo ba mu taɓa ji ba, sannan a sallame shi da maganin kaji. Ni kaina a cikin tasi sai da na ji kunyar kwalin.

Sai dubiya ta fara. Hausawan Dubai ba su da lokacin kansu, amma in an ce wane ba lafiya za su zo, Allah ya saka musu. Matsalar ita ce ba wanda ke zuwa da gaisuwa kaɗai. Wannan ya ce sanyin iyakwandishan ne ya buge shi. Wancan ya ce mutanen ɓoye ne suka mare shi a dajin Turawa, shi ya san wani da aka yi wa haka. Kowa kuma sai ya tambayi allurai nawa aka yi, in na ce ba a yi ba sai a kalli silin. Na dafa shayi har na tsani ƙamshin citta. Ina tashi daga ofis in tarar da takalma jibge a bakin ƙofa, in shiga kicin ban ko cire gyale ba. Wanda ya kawo ruwan tofi na karɓa da hannu biyu, na ba shi ya sha, wannan ba mu da faɗa a kai.

Yaya kullum yake zuwa bayan la'asar. Ba ya yi mini magana kai tsaye, haka tsarin yake tsakanin mace da wan mijinta, in gaishe shi daga nesa a durƙushe, ya amsa yana kallon wani wuri, in koma kicin. Amma kicin ɗinmu ba shi da ƙofa, komai ina ji. Ranar farko ya ɗauki kwalin ya jijjiga, ya ce, "Iyakar abin da suka ba ka ke nan?"

Maigidan ya ce, "Shi ke nan, Yaya."

"Sun ga baƙar fata ne, suka sallame ka. Da Balarabe ne da yanzu yana kwance da ruwa a hannu biyu."

Cikin 'yan kwanaki ciwon bayan ya fara sauka. Mutumin da ya daɗe bai runtsa ba ya koma barci har da minshari, ni ma na samu na rintsa. Na ɗauka wannan zai rufe bakin kowa. Ina. Ciwon baya ba a ganinsa, fuska ake gani, fuskar kuma tana nan yadda take. Kullum sai na ɗiga masa magani a idon da ba ya rufuwa, in zai kwanta in manne masa fatar idon da filasta. In zai sha ruwa sai ya tallafe leɓensa da ɗan yatsa. Ya daina kallon madubi, ya daina amsa kiran bidiyo na yara.

Wata Juma'a matar Yaya ta zo da kula cike da fura da nono. Ta sha wahala a kanta, gero daga gida aka kawo mata, ta dama da kindirmon da ta haɗa da kanta. Ta zuba a kofi ta miƙa masa, shi kuma bai daɗe da haɗiyar kafson ba. Na ce mata, "A ɗan ajiye masa zuwa anjima, yanzu ya sha magani." Ta ce fura ce fa, ba guba ba. Na yi mata bayani iya iyawata. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin maganin da ke gaba da nono ba, mara lafiya kuma ba a hana shi abin da zai riƙe masa ciki. Ta rufe kularta a hankali ta ajiye a gefe. Daga nan ta ce masa ya miƙe a kujera ya huta, na ce sai dai ya zauna tukuna. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "To, likita." Furar ya sha daga baya, har ya ƙara, amma wannan ba ta gani ba.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin rana ce. Aka kira shi daga gareji a kan wata tirela da ta gagari yaran, ya ce zai leƙa ya dawo. Na ce likita ta hana, ya ce shwayya kawai, ɗan lokaci kaɗan, ba zai daɗe ba. Ranar Ras Al Khor kuwa ko lafiyayye ba ta ƙyale shi. Ya dawo bayan hannuwansa da goshinsa sun yi jajir suna raɗaɗi, kwana biyu suka fara saɓa. Na yi masa faɗan da maƙwabtanmu 'yan Filifin suka ji. Na kira asibiti, suka ce ya ci gaba da shan magani, ya zauna a inuwa, in ya yi ƙuraje masu ruwa a kawo shi. Da Yaya ya zo ya kama hannun ya daɗe yana kallo. Ya saki hannun ya tashi ya tafi, kuma tafiyar nan ta fi tayar mini da hankali.

Washegari ya dawo da wuri. Ina kicin ina yanka albasa na ji ya ce, "Na yanki tikiti. Jibi za ka tafi gida. Akwai likita abokina, zai kwantar da kai ya ɗaura maka ruwa, ya yi maka allurai na gaske. In ka fito a wuce da kai ƙauye wajen malam. Wannan tarkacen kuma daga yau ka daina sha, ga shi nan yana cin fatarka." Na ji ƙarar kwalin ya faɗi a kan tebur.

Maigidan ya ce, "To, Yaya."

Na ajiye wuƙar. Maganin ko rabi bai wuce da yawa ba. Na san abin da zai faru tamkar an nuna mini. Za a kai shi wajen mutumin kirki wanda bai taɓa ganin wannan cuta ba, ya duba jini ya ce taifot ne da maleriya, ya ɗaura masa ruwa mai kalar lemo, kowa ya ji daɗi. Ƙwayar cutar kuma tana can cikin jijiya ba ta gama mutuwa ba. Ba wai Yaya ba ya son ƙaninsa ba ne. Yana son sa fiye da yadda yake son 'ya'yansa, ni shaida ce. Shi ya sa ma abin ya fi wuya.

Na duba agogo, lokacin maganin yamma ya yi. Na cika kofi da ruwa, na fito falo. Kwalin yana gaban Yaya, dole sai na miƙa hannu ta gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauka, na ɓalle ɗaya, na durƙusa a gaban maigidana na ce, "Malam, lokacin magani ya yi."

A ranar Yaya ya fara duban idona tun da aka kawo ni gidansu. Ya ce, "Ke, ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji, Yaya."

"To?"

Na ce, "Ku yi haƙuri, Yaya. Ciwon da ya hana shi barci, wannan ne ya kwantar da shi. Likita ta ce kada a tsaya a tsakiya. In ya shanye ku kai shi duk inda kuka ga dama, ni zan haɗa masa jaka da hannuna. Amma jibi ba zai tafi ba." Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai bakina ya ƙara da cewa, "Ni nake kwana da shi, ni na san abin da na gani." Mace ta faɗa wa wan mijinta wannan magana, ai ko a garinmu da ake cewa ba mu da kunya ba a yi.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen ƙaninsa ya ce, "Kai, da yawunka take magana?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. Ina durƙushe, kofi a hannun dama, kafso a tafin hagu. Na riga na yanke a raina ba zan sauke ba, in ya so mu kwana a haka. Can ya miƙo hannunsa mai saɓa, ya ɗauki kafson, ya tallafe leɓensa da yatsa ya sha. Ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa masa gaban riga.

Yaya ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya ba da lafiya." Ya sa takalmi ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Na zaci maigidan zai ce wani abu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kin kyauta," kuma ba yabo ba ne. Daga ranar ya ɗauke mini wuta. Safe da yamma in kawo ruwa da kafso, ya karɓa ya haɗiye bai dube ni ba. In ɗiga masa maganin ido, yana kallon sama. Gida ɗaki da falo, ba inda mutum zai ɓuya, sai mu wuni muna kauce wa juna a hanyar banɗaki. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa, labari ya zaga Deira cewa matar wane ta fi ƙarfinsa, ta kori wansa daga gida. A ofis wata mai sayen kaya da ban ma sani ba ta tambaye ni wai ni ce. Na ce ni ce, kwantenarki kuma ba ta iso ba.

Ranar da ya haɗiye kafson ƙarshe na dube shi da kyau. Fuskar tana nan a karkace kamar ranar farko. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Tsoro ne ya kama ni, tsoro sosai. Na raba mutum da ɗan'uwansa a kan maganar wata mata da ban san ko sunan garinsu ba, ga magani ya ƙare, ga baki a gefe. Muka koma wajen likitar, ta gwada ƙarfin hannuwansa da ƙafafunsa, ta ji ciwon ya tafi, ta ce madalla, haka ake so. Na ce fuskar fa? Ta ce ai ta gaya mini tun farko. Na ce a ƙara masa wani maganin mana, ko allurar ce a yi. Ta ce ba ya buƙata, ƙari ba zai sa jijiya ta yi sauri ba. Ta koya masa motsa fuska a gaban madubi, ta ce khalas, shi ke nan, sai jira.

Muka jira. Jiran nan ba abin da zan ce a kansa, aiki ne da girki da shiru. Wata rana yana cin tuwo na ga gefen bakin ya ɗan motsa, ban yi magana ba don kada in ji kunya. Bayan wani lokaci idon ya fara rufuwa da kansa, na daina sayen filasta. Sai girar ta ɗaga. Ya koma aiki, ya koma kiran yara ta bidiyo, ya koma yi mini magana, da farko a kan gas da kuɗin wuta, daga baya a kan komai. Zancen ranar nan dai bai taɓa tayar da shi ba, ni ma ban tayar ba.

Yaya kuwa bai sake hawa benenmu ba. Maigidan yakan je shagon ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya ci gaba da auna yadi. In na aika da abinci a dawo da kula a wanke, ba saƙo. Matarsa ta daina ɗaga wayata. Na ga fuskar mutumin nawa tana miƙewa, shi kuma yana ramewa. Yakan dawo daga Deira ya zauna ya zuba wa talabijin ido ba tare da ya kunna ba. Watanni muka yi a haka.

Wata Alhamis ya ce, "Gobe ki shirya, mu je ki ba Yaya haƙuri."

Na ce, "Haƙurin me?"

"Haƙuri dai."

Na ce masa ni ban zagi kowa ba, ban kori kowa ba, kuma hannunsa ne ya ɗauki kafson, ba ɗura na yi masa ba. Na ce in akwai mai ba wani haƙuri a gidan nan, ya san ko wane ne. Na faɗi maganganu da yawa, ina wanke tukunya ina buga ta. Ya bari na gama, ya ce, "Na sani. Amma shi ne babba." Na san haka ne. A wajenmu ba a tambayar wa ke da gaskiya, wa ya girmi wani ake tambaya. Kuma na gaji, wallahi na gaji, na fi son in durƙusa sau ɗaya da in ci gaba da kallon mutum yana zaune gaban talabijin a kashe.

Bayan an sauko daga masallaci muka hau bas zuwa Deira. Shagon a wani lungu yake, ana wucewa ta tsakanin masu tura kwalaye a kura. Yaya na zaune a kan kujerarsa a can ciki, bayan tarin bandiran shadda. Na cire takalmi, na durƙusa a kan tayil, na gaishe shi. Na ce, "Yaya, na yi kuskure, na yi rashin kunya. A yafe mini." Na faɗa da murya mai kyau, ban haɗa da amma ba, ko da yake tana nan a bakina.

Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya aika a kawo shayi. Daga nan ya manta da ni. Ya ce wa ƙaninsa ya matso, ya kama haɓarsa kamar yaro, ya juya fuskar dama, ya juya ta hagu. Ya ce ya rufe ido, ya rufe. Ya ce ya buɗe, ya buɗe. Na ga idon Yaya ya kawo ruwa, ya yi saurin gyara murya.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Ka gani ko? Da an bi tawa an yi maka allura, da cikin sati ka miƙe, ba sai ka yi watanni kana fama da maganin kaji ba. Amma an ce likitar gidanku ta hana."

Maigidan ya ce, "Haka ne, Yaya." Sai ya yi dariya.

Rabon da in ga dariyarsa tun kafin ciwon. Ina nan a ƙasa, ba wanda ya ce in tashi, gwiwata ta fara sanyi a kan tayil, raina ya ɓaci. Da ni ake dariyar, na sani. Amma ta fito daidai, hagu da dama, sai na tsaya ina kallon bakinsa har ya gama.